Kujera Arba'in a Bayan Gida

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Na yi muku alkawarin ba zan ɓoye inda na yi laifi ba, to yau ranar cika alkawari ce, ko da yake hannuna ya yi nauyi.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Luqman. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina tuƙa bas a kudancin Chicago. Baƙar fata ne ni, haifaffen nan, kakana ne ya hawo jirgin ƙasa daga Mississippi. Na musulunta ina ɗan shekara goma sha tara. 'Ya ɗaya Allah Ya ba mu ni da matata Mahasin, ita ce Inshirah, shekarunta ashirin da shida, tana aikin jinya a sashen jarirai. Mai sonta kuwa Ayham ne, mai haɗa magunguna a asibitin da take aiki. Mahaifinsa Subhi, Bafalasɗine, kowa Abu Ayham yake kiransa, shi ne mai kantin da ke kusurwar layinmu. Shekara ashirin da ɗaya muna sahu ɗaya da shi ranar Juma'a. Ranar da mahaifiyar Subhi ta rasu, da ni aka ɗauki makara. Ku riƙe wannan, don ku gane me ya sa na yi wautar da na yi.

Wata Alhamis da yamma Inshirah ta dawo daga aiki, ta zauna a matakala tana kwance igiyar takalmi, sanye da shuɗiyar rigar aikinta mai zanen 'yan agwagi.

"Abi, Ayham ya ce za su zo Lahadin sama, bayan La'asar."

"Su wa?"

"Shi da babansa."

"Baban ya yarda ke nan?"

Ta ci gaba da jan igiyar da ta riga ta kwance. "Ya ce yana kan hanya."

"Hanyar yarda ko hanyar gidanmu?"

"Abi mana!" Ta yi dariya, amma iya baki. Sai ta ɗago ta dube ni. "Don Allah abu ɗaya. Kar ka gayyaci kowa. Kai da Ummi da su biyun. Shayi kawai."

Na ce to. Wallahi na ce to, kuma a lokacin da nake faɗa na riga na fara ƙirga mutane a zuciyata.

Ga dalili. Shekara shida da suka wuce, dangin Abu Ayham suka tashi tawagar neman aure wa ɗan ƙaninsa. Suna bukatar direba, na aro motar masallaci na kwashi dattawa goma sha huɗu. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Maza kusan sittin, kowa cikin kwat, tsofaffi da ƙyalle mai ɗigon baƙi da fari a kafaɗa, suka shiga gidan uban yarinya suka zauna suna fuskantar danginta. Aka zuba gahawa a ɗan ƙaramin kofi aka miƙa wa babbansu. Ya karɓa, bai kai baki ba, ya ajiye a gabansa. Ya ce, "Ba za mu sha gahawarku ba sai kun biya mana bukatar da ta kawo mu." Ya yabi gidan, ya yabi yarinyar, ya ambaci kakanninta. Uban yarinya ya miƙe ya ce, "Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema naku ne." Aka ɗaga hannu aka yi Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa daga ciki.

Ni ina tsaye bakin ƙofa, makullin mota a hannuna. Ba wanda ya ce in zauna. A ranar ban ɗauki wannan komai ba, ko kuma na ɗauka na haɗiye, ban sani ba. Fuskar uban yarinyar nan kawai nake kallo. Mutum sittin sun bar harkokinsu sun zo ƙofarsa don 'yarsa. Na ce a raina, ya Allah, ni ma Ka nuna mini wannan ranar.

Don haka ranar Asabar na je na yi hayar kujeru arba'in, farare masu naɗewa. Ashirin namu, ashirin nasu. Na sayo butar gahawa mai dogon baki da ƙananan kofuna marasa mariƙi. Sau huɗu ina gwada dafawa. Mahasin ta kurɓa ta farko ta yamutsa fuska.

"Luqman, wannan gahawa ce ko hukunci?"

"Haka suke shanta. Ba sukari."

"To Allah Ya ba su haƙuri." Ta ajiye kofin, ta daina wasa. "Ka yi magana da Subhi kuwa? Baki da baki?"

"Na tura masa saƙo."

"Ya ce me?"

Bai ce komai ba. Na rubuta masa, *Abu Ayham, muna sauraronku ranar Lahadi in sha Allah, gida gidanku ne.* Alamar ya karanta ta fito tun Talata. Na ce wa kaina kanti ne ya riƙe shi. Ranar Juma'a ya yi salla sahu biyu a bayana, kafin in idar da nafila ya fice. Na ce wa kaina ƙila ya ajiye mota inda bai dace ba. Kun ga yadda mutum yake yi wa kansa?

"Yarinyar nan ta ce kar ka tara mata mutane," in ji Mahasin.

"Idan suka zo su ashirin suka tarar da ni ni kaɗai fa? Su ce ba ta da kowa?"

"Idan kuma ba su zo ba?"

Na ce mata ta daina mugun baki. Na kira Imam Mikal, na kira 'yan'uwa na masallacinmu, waɗanda muka tashi tare. Na kira yayata Loretta, wadda har yau Kirista ce, kuma ba ta taɓa barin wani abu na Inshirah ya wuce ta ba.

Lahadi ta zo da zafi. Tun hantsi gidan ke ƙamshin soyayyen kifi da taliya mai cuku. Mahasin ta gasa kek ɗin wake guda shida ta jera a kan tebur. Loretta ta taho kai tsaye daga coci da hularta ruwan hoda mai faɗin faifai, ta shigo tana fifita da takardar waƙoƙi.

Wajen ƙarfe huɗu Inshirah ta sauko. Doguwar riga ce fara ƙal, ƙirjinta da hannuwanta cike da ɗinkin jan zare irin na matan Falasɗinu, da mayafi ruwan madara. Wata biyu tana jiran rigar nan ta iso.

Loretta ta dube ta sama da ƙasa. "Kin yi kyau, 'yar gwal. Rigar mutanensu ce wannan?"

"E, Anti."

"Madalla. Su kuma me za su sanyo na mutanenmu?"

"Loretta," in ji Mahasin.

"Tambaya na yi. An hana tambaya a Musulunci ne?"

Inshirah tana murmushi ta juya wajen tagar kicin. Sai murmushin ya ɗauke. Ta ga bayan gida: kujeru a jere layi biyu suna kallon juna, Imam da mutanena sun fara zama a ɓangare ɗaya.

"Abi, mene ne wancan?"

"Kujeru ne."

"Na ga kujeru ne. Me na roƙe ka?"

"Al'adarsu ce, 'yata. Ke ba ki san yadda suke yi ba, ni na gani da idona."

Ta duba wayarta, ta kife ta a kan tebur, ta haye sama tana tattare rigar da hannu biyu.

Ƙarfe biyar ta yi. Biyar da rabi. Gumi yana bin bayana cikin kwat ɗin da na saya don ranar. Wani daga cikin 'yan'uwa ya ce, "Biyar ɗin Larabawa ai shida da rabi ce." Wani ya amsa, "Kai da ka makara ranar ɗaurin aurenka, yi mana shiru." Aka yi dariya, ni ma na yi. Sau biyu ina mayar da gahawa kan wuta.

Shida saura kwata na ji tsayuwar mota. Na gyara wuya, na fita bakin ƙofar shinge da hannuwana a buɗe.

Ayham ne. Shuɗin kwat, gashi a gyare, babban faranti na kayan zaƙi a hannunsa, idanunsa jawur. Na leƙa bayansa. Na leƙa titi, hagu da dama. Mota ɗaya ce, kuma ba kowa a cikinta.

"Assalamu alaikum, Ammo." Haka yake kirana tun yana ɗan Islamiyya, wato Baffa.

"Suna tafe ne?"

Ya shigo, ya ga kujerun, ya tsaya cak. Sai ya taka a hankali ya zauna a kujerar gaba ta ɓangarensu, farantin a cinyarsa, kujera goma sha tara babu kowa a bayansa da gefensa.

A daidai nan wayata ta yi motsi a aljihu. Subhi ne. Har yanzu saƙon yana nan, ga shi yadda ya rubuto:

*Ɗan'uwa Luqman, Allah Ya sani kai ɗan'uwana ne a Musulunci har Aljanna. Amma aure abu ne na dangi, kowa da irinsa. Kar ka ɗauke shi da zafi. 'Yarka 'yar kirki ce, Allah Ya ba ta wanda ya dace da ita a cikinku.*

A cikinku. Na karanta sau uku a tsaye, mutum ashirin suna kallona.

Ban san me ya sa na ɗauko butar ba. Ina jin hannuna ne bai san wani abin yi ba, sau huɗu yana koyon abu ɗaya. Na zuba, na miƙa masa. Ya karɓa da hannun dama, ya duba cikin kofin, ya sunkuya ya ajiye shi a kan ɗan teburin da ke tsakaninmu.

"Ammo," in ji shi, "a wajenmu ba ni ya kamata in yi magana ba. Na roƙi babana. Na roƙi baffannina uku. Jiya na tuƙa awa biyu zuwa wurin kawuna, ya ba ni abinci ya rako ni mota. Ni kaɗai na rage. Ba zan sha gahawarka ba sai ka ba ni Inshirah."

Imam Mikal ya matso da bakinsa kusa da kunnena. "Luqman, yaron yana da addini, yana da hali. Namiji ba ya bukatar waliyyi. Kai ne waliyyi, magana a hannunka take."

Na ji shi. Wallahi na ji shi. Amma jinina ya riga ya hau.

"Me ya hana su zuwa?"

"Ammo, kar ka sa in faɗa."

"A gidana kake. Faɗi."

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggona ta ce me za a gaya wa mutanen gida idan jikokin Subhi suka fito..." Ya tsaya.

"Suka fito kamar wa?" Loretta ce daga ƙofar kicin, hannu a ƙugu. "Ƙarasa mana, yaro. Kamar ni?"

"Ki yi haƙuri, Anti."

"Sun faɗi kalmar nan?" na tambaye shi.

Ya gyaɗa kai, hawaye ya ɗiga a kan takardar da ta rufe farantin. Duk wanda ke zaune a wurin ya san kalmar. Mun sha jinta a kantuna, ana faɗa da Larabci a kan kanmu ana zaton ba mu gane ba. Bayi. Mu da muka koyi Larabci don mu karanta Alƙur'ani, da ita muka fara cin karo a waje.

Na dubi kujerun nan. Na dubi mutanena, waɗanda na kira ɗaya bayan ɗaya ina cewa su zo su ga yadda ake girmama 'ya. Kunya ta rufe ni, kuma maimakon in ɗauki kunyata, sai na ɗora wa wanda ya zo.

"Tashi ka je ka zo da ubanka," na ce. "'Yata ba tsintacciya ba ce. Ba za a shigar da ita gidan kowa ta ƙofar baya ba."

"Luqman," in ji Imam.

"Na gama magana."

Ayham ya daɗe a zaune. Sannan ya ajiye farantin a kujerar kusa da shi, ya miƙe, ya bi mutanena ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, har na ƙarshe. Da ya zo kaina ya ce, "Na gode, Ammo," ya fita. Na ɗaga kai sama. Labulen ɗakin Inshirah yana motsi.

'Yan'uwa suka naɗe kujerun. Loretta ta zuzzuba musu abinci a robobi tana cewa, "Ku ɗauka, kifi bai yi wa kowa laifi ba." Kafin Magariba gidan ya zama namu mu kaɗai.

Inshirah ta sauko cikin tsohuwar rigar barcinta da wandon motsa jiki. Farar rigar tana hannunta a ninke, ta ajiye ta a kan teburin cin abinci ta shafa ta sau ɗaya. Ba kuka take ba. Da kuka take da ya fi mini sauƙi.

"'Yata, mutuncinki na kare."

"Nawa?"

"Kin ji abin da suka kira mu."

"Na ji tun watan Maris, Abi. Ayham bai ɓoye mini ba. Na san uban ba lallai ya zo ba, shi ya sa na ce kar ka tara kowa. Da mu huɗu ne a falo, da ya faɗi abin da ya kawo shi, ka yi tunani, mu yi shawara. Yanzu duk masallaci ya san an ƙi ni, kuma ya san dalili."

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Saboda yadda kake faɗin sunan Abu Ayham. Kamar wanda aka ba kyauta." Ta ja numfashi. "Sati uku ke nan Ayham yana kwana a ɗakin abokinsa, uwarsa ba ta ɗaukar wayarsa. Ya shigo shi kaɗai ya zauna gaban mutum ashirin. Kai kuma kana leƙa bayansa kana neman wanda bai zo ba. Abi, ni ake nema, ko kai ne kake so su karɓa?"

Mahasin ta juya wajen famfo ta buɗe ruwa, ba abin da take wankewa.

Jama'a, shekarata hamsin da uku. Fasinjoji sun zage ni, an tofa mini yawu a bakin aiki, ɗan sanda ya taɓa kwantar da ni a kan titi da farar jallabiyata ranar Idi. Babu abin da ya shige ni kamar tambayar nan.

"Gobe zan ce masa ya haƙura," in ji ta.

"A'a, tsaya. Zan kira shi, in ce ya dawo, in..."

"Ba don ka kore shi ba ne. Na gaji. Ina ɗaukar jariran mutane kullum, kowane launi, ina ganin yadda kakanni ke rububin leƙa fuskarsu. Nawa kuma sai an duba fatarsa tukuna a ga ko za a ɗauka." Ta dube ni. "Ina son shi, Abi. Ban san yadda zan yi da shi ba, amma ina son shi."

Na roƙe ta kwana ɗaya. Ta ce in yi me da shi? Na ce ban sani ba tukuna. Ta ɗaga kafaɗa ta haye sama.

Da safe na kira wurin aiki na ce ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya ba. Ƙarfe tara na taka zuwa kusurwar layi. A hanya na shirya magana mai zafi. Zan tuna masa huɗubar da muke ji tare, zan tambaye shi wa yake sayen burodinsa da madararsa shekara ashirin, zan ce ya maimaita kalmar nan a gabana in shi namiji ne.

Na tura ƙofa. Mata biyu suna gabana a layi, wani tsoho ya shigo ya tsaya a bayana. Subhi yana inda yake kullum, bayan gilashin nan mai kauri da harsashi ba ya hudawa, mai 'yan ramuka na magana da ɗan akwatin da ake juyawa a miƙa kaya. A gefe akwai ƙofar ƙarfe da yake buɗe wa 'yan'uwansa da maɓalli, su shiga ciki su zauna a sha shayi. Sai a lokacin na lura ban san kalar kujerun da ke ciki ba.

Layi ya zo kaina. Ya ɗago ya gan ni. Hannunsa ya tafi wajen maɓallin, ya tsaya, ya dawo kan kanta.

"Me za a ba ka?" ya ce.

Duk maganar da na shirya ta gudu. Fuskar 'yata kawai nake gani tana shafa rigar nan. Na ɗora tafin hannuna a jikin gilashin, na sunkuya daidai ramukan kamar mai neman a ba shi canji.

"Subhi, don Allah. Ba sai kun zo ku ashirin ba. Kai kaɗai, minti goma. Ko zama ba sai ka yi ba. Don Allah, Subhi."

Bai dube ni ba. Idonsa ya wuce ta saman kafaɗata, fuskarsa ta canza. Ban ji ƙarar ƙofa ba, ban san tun yaushe 'yata take tsaye a bayana ba, da rigar aikinta da jakarta a kafaɗa.

"Abi," in ji Inshirah, a hankali, kowa a kantin yana ji. "Cire hannunka daga gilashin nan."